Majigi na hoto ne, rubutu kuwa na alli

Makarantar da nake koyarwa a nan Damagaram majigi ɗaya tak gare ta. Yana cikin kabad a ofishin darakta, an naɗe shi da tsohon zane saboda ƙura, kuma duk malamin da ke buƙatarsa sai ya rubuta sunansa da rana da sa'a a wani kaye da aka ajiye don haka. Ni tarihi da labarin ƙasa nake koyarwa, daga ƴan turwaziyem masu shirin jarrabawar BEPC ta ƙarshen kwaleji har ƴan tarminal, ajin ƙarshe na lise, shi ya sa sunana ya fi yawa a kayen nan. Matasan malamai da suka fito jami'a kwanan nan sukan tare ni a bakin aji su ce, "Mushe, yaya kake shirya darasinka da PowerPoint?" Amsar tsaye ba ta isar wannan tambaya, sai na ga gara in zauna in rubuta.

Abin da nake kai shi ne, majigi a ajinmu aikinsa ya nuna abin da alli ba ya iya zanawa. Duk abin da alli zai iya, a bar wa alli. Na san akwai masu ganin wannan magana ta tsoffin malamai ce da ba su son sabon abu, amma ni ina son na'urar nan ƙwarai, kuma son da nake mata ne ya sa ba na yarda a mayar da ita injin zuba rubutu a bango.

Ya kamata a san wa aka yi wa manhajar tun farko. A Amurka aka fitar da PowerPoint a 1987, wani ƙaramin kamfani mai suna Forethought ya yi ta, kuma a cikin shekarar Microsoft ya sayi kamfanin a kan dalar Amurka miliyan 14. Ƴan kasuwa da ma'aikatan ofis aka nufa da ita, mutumin da zai tsaya gaban manyansa ko abokan ciniki ya gamsar da su cikin ɗan lokaci. Shi ya sa har yau in ka buɗe sabon shafi, abin da take miƙo maka shi ne wurin kanun magana a sama, da wurin jera gajerun layuka masu ɗigo a ƙasa. Masu sauraren ɗan kasuwa ba su da jarrabawa a watan Yuni ko Yuli. Namu yaran suna da ita. Saboda haka tsarin da manhajar ta zo da shi ba namu ba ne, kuma abu na farko da nake yi in zan fara aiki shi ne in zaɓi shafi fari fat wanda babu akwatin rubutu ko ɗaya a kansa.

Wanda bai taɓa koyarwa a makarantar gwamnati a ƙasar nan ba, da wuya ya gane matsayin kaye a wurin ɗalibi. Littattafan karatu ba su wadata ba. A aji mai yara saba'in ko tamanin, uku uku ko huɗu huɗu a benci, ƙalilan ne ke da littafi a gida. Abin da yaro ya rubuta da bik ɗinsa a kaye, shi ne littafinsa, shi zai karanta da dare a ƙarƙashin fitilar titi ko da tocila, shi zai bar wa ƙanensa. Lokacin da malami ke rubutu a allo, hannunsa da hannun yaro tafiyarsu ɗaya. Yana rubuta kalma yana faɗinta, yaro na ji yana gani yana kwafa, in an zo kalma mai wuya malami ya tsaya ya ja mata layi ya bayyana ta. Shafin majigi kuwa lokaci guda yake sauke sakin layi sukutum. Nan take kawuna su sunkuya, kowa ya shiga kwafa, malami yana ta bayani babu mai jinsa. Da ya taɓa madanni zai wuce gaba, sai ajin ya ɗauka: "Mushe, a dakata, ba mu ƙare ba!" A ƙarshe sa'a ta cika, an kwafi shafi goma sha biyu, an kuma kwafe su da kurakurai, musamman ƴan bencin baya, amma in ka tambayi yaro me ya rubuta sai ya yi shiru. Na zauna a bayan aji na kalli irin wannan darasi, kuma malamin ba rago ba ne, ya kwana yana shirya shafukansa. Wahalarsa ce ta tafi a banza, abin ya ba ni tausayi.

Masana sun daɗe da bincika wannan. John Sweller na ƙasar Ostareliya ya yi bayani tun 1988 cewa sashen ƙwaƙwalwa da ke riƙe sabon abu a daidai lokacin da ake koyonsa ɗan ƙarami ne, abubuwa kaɗan yake iya ɗauka a tare, in aka yi masa lodi sai koyo ya tsaya. Richard Mayer na jami'ar Kalifoniya a Santa Barbara kuma ya yi gwaje-gwaje da yawa a kan koyo da hoto da magana. Abin da ya samu shi ne mutum ya fi fahimta in aka haɗa masa hoto da bayani fiye da bayani kaɗai, kuma ya fi fahimta in bayanin da baki aka yi shi yana kallon hoton. In aka nuna hoto, aka rubuta dogon bayani a gefensa, malami kuma yana karanta wannan rubutun da ƙarfi, fahimta raguwa take yi, domin ido ya rabu biyu. Haka nan ƙawa da ba ta da alaƙa da darasi, irin su kiɗa da furanni da haruffa masu tsalle, ɗauke hankali suke yi.

Sai dai akwai wurin da dole mu yi wa wannan bincike gyara daidai da halinmu, kuma su masanan ma sun yarda da shi: mai koyo da harshen da ba nasa ba yana amfana da ganin muhimmiyar kalma a rubuce. Yaranmu da Hausa ko Barbarci ko Fulatanci ko Tamashek suka tashi, darasi kuwa da Faransanci ake yi. In na faɗi sabuwar kalma da baki kawai, rabin ajin ba zai san yadda ake rubuta ta ba. Don haka ina sa rubutu a shafi, amma kalma ɗaya ko biyu, ko suna da shekara, manya manya, kusa da abin da suke nufi a jikin hoton. Jimla cikakkiya ba ta hawa shafina. Ita tana jiran allo.

Darasin tafkin Chadi ne ya fi nuna mini amfanin na'urar nan. Shekaru ina gaya wa yara cewa a farkon shekarun 1960 faɗin tafkin ya kai wajen murabba'in kilomita 25,000, kuma bayan farin shekarun 1970 da na 1980 ya ragu da kusan kashi 90 cikin ɗari. Suna rubutawa, suna haddacewa, suna maido mini a takardar jarrabawa, amma lambobi ne kawai a wurinsu. Hukumar sararin samaniya ta Amurka, NASA, tana da hotunan tafkin da tauraron ɗan'adam na Landsat ya ɗauka daga sama, akwai na 1973 da na 1987, kuma kyauta ake samunsu a intanet. Yanzu sai in haska na 1973, in nuna musu inda garin Gigimi yake, ban ce komai ba. In bar su su kalla. Sannan in haska na 1987, in tambaya, "Me ya canza?" Ba na bukatar in kira suna, hannuwa ne ke tashi. Wata yarinya da iyayenta mutanen Difa ne ta ce, "Mushe, ashe shi ya sa kakana yake cewa da can a bakin gari ake kama kifi." Gani ya kori ji. Daga nan tambayoyi suke fitowa daga bakinsu: ina ruwan ya tafi, ina masunta suka koma, shin yana dawowa? Sai in shigo da kogin Shari da ke kawo mafi yawan ruwan tafkin daga kudu, da Komadugu Yobe da ke kan iyakarmu da Najeriya, in kuma gaya musu cewa tafkin ba mai zurfi ba ne, shi ya sa yake saurin ja da baya a shekarun fari, yake kuma sake bazuwa in damina ta yi kyau. Shafi biyu ke nan, suka ɗauke mu kusan rabin sa'a. Sauran lokacin na kashe majigin muka koma allo, muka rubuta taƙaitaccen darasi tare, su suna ba da jimloli ina gyarawa.

A tarihi kuma, wurin da majigi ya fi yi mini aiki shi ne batun iyaka. Yaro ɗan Magarya ko Matamai yana da dangi a Daura ko Kano, yana tsallaka iyaka kamar yadda ake shiga unguwa, amma bai san yadda aka yi layin ya bi ta nan ba. Ina da taswira guda wadda babu komai a kanta sai kogin Kwara da tafkin Chadi da manyan garuruwa: Sakkwato, Katsina, Kano, Maraɗi, Tasawa, Damagaram. Danna ɗaya, sai layin 1890 ya fito, wanda Faransa da Ingila suka ja daga Sayi a bakin kogi zuwa Baruwa a bakin tafki. Danna ta biyu, layin yarjejeniyar 1898, mai lanƙwasa da ya zagaye Sakkwato da nisan mil ɗari. Sai in tsaya in tambaye su, in Bafaranshe yana so ya taso daga kogi ya zo Damagaram ba tare da ya taka ƙasar Ingilishi ba, ta ina zai bi, kuma akwai rijiyoyi a wannan hanya? Su da kansu suke gano cewa an tura shi cikin ƙasa mai ƙarancin ruwa. Danna ta uku, gyaran 1904 da na 1906, da aka sauko da layin kudu don Faransawa su samu hanya mai ruwa. Wannan shi ne kawai irin motsin da nake yarda da shi a shafi, wato abu ya bayyana a lokacin da magana ta iso kansa. Da alli ma ana iya yin haka, amma zana taswira mai kyau yana cin minti goma sha biyar, kuma layuka uku a kan juna da alli fari ɗaya rikicewa suke yi.

A cikin wannan darasin nake saka abin da ya faru a garinmu: kashe hafsan Faransa Kyaftin Cazemajou a 1898, yaƙin Tirmini a watan Yulin 1899, rasuwar Sarki Amadu Kuran Daga a wannan shekarar, da zaman Zinder, wato Damagaram, babban birnin yankin daga 1911 har aka mayar da shi Yamai a 1926. Hotunan da nake nunawa a nan ba daga nesa na samo su ba. Da wayata na ɗauko su: ƙofar fadar Sarkin Damagaram, ragowar ganuwar da aka gina a zamanin Sarki Tanimun, gidajen Birni masu zane a fuska, tsoffin gidajen fatake na Zango. Abin mamaki, yaron da ke wucewa ta gaban ganuwar nan kullum da safe bai taɓa tsayawa ya dube ta ba, sai da ya gan ta a bangon aji, babba, malami yana tambayarsa da me aka gina ta kuma don tsoron wa. Washegari wani ya zo ya ce mini, "Mushe, na je na taɓa ta." Wannan ya fi mini maki ashirin bisa ashirin daɗi.

Haka nake yi da duwatsun Birni in muna karatun yadda zafi da sanyi da ruwa ke fasa dutse. Littafin da muke da shi hoton wata ƙasa ya sa, alhali ga manyan duwatsu a jibge a kan juna a tsakiyar garinmu, wasu sun tsage biyu, wasu suna ɓare ɓawo. Haka kuma batun gawo. Masu bincike da suka kwatanta tsoffin hotunan sama da sababbi sun ƙiyasta cewa manoman jihohin Maraɗi da Damagaram sun farfaɗo da itatuwa a fili mai faɗin kusan hekta miliyan 5 tun daga tsakiyar shekarun 1980, ta hanyar barin tohon da ya fito da kansa a gona da sassabe shi da kula, ba ta hanyar dasa sababbi ba. Yankin Mirriya da Magarya da Matamai na cikin wuraren da abin ya fi fitowa fili. In na nuna hoton gonar gero da gawo ya cika ta, sai ka ga ƴaƴan manoma sun gyara zama, domin aikin iyayensu ne ya shigo darasi. A ranar su ke koya wa ƴan birni dalilin da ya sa gero ya fi kyau a gindin gawo, da yadda yake kaɗe ganyensa da damina ya bar wa shuka rana.

Akwai wata dabara da na fi so in gaya wa kowane malamin labarin ƙasa. Maimakon bango, a haska taswira a kan baƙin allon kansa. A shirya shafin ya zama baƙi, layukan taswirar su zama farare masu kauri. Sai a kira yaro ya bi layin da alli. Cikin minti biyu an samu taswirar Nijar daidai, ba mai kama da ƙwarya ba. Wani ya zo ya rubuta maƙwabtanmu bakwai, Najeriya, Benin, Burkina Faso, Mali, Aljeriya, Libiya da Chadi, wata ta zo ta sa jihohi takwas, wani ya ja kogi. Daga nan a kashe na'urar. Taswira ta zauna a allo, yara ne suka yi ta da hannunsu, kuma ko wuta ta ɗauke ba abin da ya shafe mu.

Maganar wuta kuwa dole a yi ta. Wani kaso na lantarkin yankin nan daga Najeriya yake zuwa, kuma duk mun tuna yadda aka sha fama bayan an katse shi a watan Agustan 2023. Ko a lokacin da komai ke lafiya, watannin zafi ba su da tabbas. Saboda haka ba na shiga aji da darasin da rayuwarsa ta rataya a kan soket. Hotuna biyu ko uku mafi muhimmanci ina buga su a takarda tun kafin ranar, in wuta ta tafi su zagaya benci benci. Kwamfuta kuma a cike take da caji, ko ba komai ana iya ɗaga ta a zagaya da ita layi layi. Ita na'urar ma tana da nata haƙƙi. Mai ƙwan fitila tana zafi sosai, in an kashe ta fankarta kan ci gaba da juyawa don ta huce, bai kamata a zare waya ba sai fankar ta tsaya. Da hunturu, lokacin da buji ke shiga ko'ina, matatar iskarta toshewa take yi, sai na'urar ta riƙa mutuwa da kanta a tsakiyar darasi. Cire matatar a kakkaɓe ta aikin minti biyar ne. Baba maigadi ne ke tuna mini, in ya ga na ɗauko jakar sai ya ce, "Malam, an share hancinta kuwa?"

Sai haske. Azuzuwanmu tagogin ƙarfe gare su, in ka rufe su duka a watan Afrilu ko Mayu, zafi ya haura digiri 40, ga yara tamanin, to ba karatu za a yi ba. Ina rufe tagogi biyu na kusa da allo kawai, sauran a buɗe, kuma ina ƙoƙarin karɓar majigin a sa'o'in farko na safe. Tun da ɗakin ba zai yi duhu ba, in a bango zan haska, farin shafi da baƙin rubutu shi ne ke fitowa. Ja a kan shuɗi, ko ruwan ɗorawa a kan fari, ɓacewa suke yi. Girman haruffa ba na sauka ƙasa da 32. Kafin yara su shigo nakan je bencin ƙarshe in zauna in duba, abin da ban iya karantawa daga can ba sai in ƙara masa girma ko in cire shi. Ta wannan hanyar ma na gano yara da dama da ba su gani sosai daga nesa, ba su kuma taɓa faɗa wa kowa ba, na dawo da su gaba na kuma aika wa iyayensu. In makaranta za ta sayi majigi, a duba ƙarfin haskensa, kada ya gaza lumen 3,000. Ƙananan nan masu araha da ake sayarwa don kallon fim a ɗaki da dare ba su iya komai da ranar Damagaram.

Madannai kaɗan sun ishi malami. F5 na fara nunin daga shafin farko. Harafin B na mayar da bangon baƙi, in ka sake danna shi hoton ya dawo, kuma wannan shi ne madannin da na fi amfani da shi, domin muddin akwai abu mai haske a bango idon yaro na can, in ina so su dube ni ko su dubi ɗan'uwansu da ke magana sai in danna B. In yaro ya yi tambaya a kan hoton da ya wuce, rubuta lambar shafin ka danna Enter, zai kai ka kai tsaye ba sai ka bi su ɗaya ɗaya da baya ba. Wanda ba shi da PowerPoint kada ya damu, LibreOffice Impress kyauta ce kuma ba ta bukatar intanet, a waya ma WPS Office na yin aikin. Google Slides tana da kyau amma ta fi son intanet mai ƙarfi, ni ban dogara da ita a aji. Kowace ka yi amfani da ita, ka ajiye kwafi na PDF a kilen USB, don shi ba ya canza kama in an buɗe shi a wata kwamfutar. Masu rubutu da Hausa su lura da wannan sosai, musamman yanzu da dokar ƙasa ta 2025 ta ɗaga matsayin harshen: wasu nau'o'in haruffa ba su da ƙ da ɗ da ɓ da ƴ, sai ka ga ƴan akwatuna sun fito a madadinsu. Kuma a jakar majigi a bar waya ta HDMI da ta VGA duka biyu.

Abin da ke damuna ƙwarai shi ne darussan da ake saukowa da su daga intanet a shirye. Malami ya gaji, ga kwafin yara ɗari uku na jiran gyara, sai ya samu shafuka arba'in da wani malami a Faransa ya shirya wa ajinsa, ya zo ya haska. Manhajar karatunsu daban da tamu, misalansu na ƙasarsu ne, Faransancin ma ya fi ƙarfin yaranmu. Mafi muni, malamin da bai shirya abu da kansa ba bin shafukan yake yi, bai san me ke zuwa gaba ba, yara kuma suna ganewa. Ban hana a ɗauki taswira ko hoto mai kyau daga can ba, ni ma ina ɗauka. Amma a san daga ina hoton ya fito. Yanzu hotunan ƙarya sun yi yawa, akwai waɗanda kwamfuta ke ƙirƙira, akwai na wata ƙasa da ake liƙa musu sunan tamu a WhatsApp da Facebook. Duk abin da malami ya haska a bango, yaro gaskiya yake ɗaukarsa. Shi ya sa a ƙasan kowane hoto nake rubuta wuri da shekara da inda na samo shi, wanda kuma ban tabbatar da asalinsa ba, ba ya shiga ajina. In hoton mutane zan ɗauka, a majema ko a kasuwar Dole, sai na yi sallama na nemi izini na faɗi abin da zan yi da shi.

Wasu abokan aiki suna cewa a daina ba yara wahalar kwafa, a tura musu shafukan ta waya kawai. Ina tura hotuna da taswirori ga mai so, amma ban yarda wannan ya maye gurbin kaye ba. A ajina masu babbar waya ba su kai rabi ba, kuma ƴan mata su ne suka fi rashinta, wasu ma iyaye ne suka hana su da gangan. In darasi ya koma waya, na raba ajin biyu ke nan, masu shi da marasa shi. Fotokofi ma dala biyar biyar ne, wato sefa 25 kowane shafi, in aka tara shi a wata yana da nauyi ga uban da ke da yara biyar a lakwal. Abin da za a tambaya a jarrabawa dole ya bi ta allo ya shiga kayen kowa.

Ƴan tarminal kuwa nakan ba su na'urar su ma su taɓa, domin gobe a jami'ar André Salifou ko wani wuri za a ce su gabatar da aiki. Ƙa'idar da nake ba su ita ce wadda nake bi: shafi biyar, kowanne hoto ko taswira ko jadawali guda, kalmomi kaɗan, kuma ba a juya wa aji baya ana karanta bango. Da farko suna jin tsoro, don rubutun da ke bango shi ne maɓoyarsu. Amma wata ƙungiya ta yi aiki a kan matsalar ruwan sha a garin nan, suka ɗauko hoton layin jarkoki a famfo da asuba, da na ƴan garuwa, da taswirar da ke nuna nisan wuraren da ake jawo ruwan daga Gogo da Machaya da Arunguza, suka bayyana cewa garin a kan dutse yake zaune shi ya sa rijiya ba ta wadatarwa. Yarinyar da ta yi bayanin ba ta dubi takarda ba ko sau ɗaya, don abin da take rayuwa a cikinsa ne.

Shirya irin waɗannan shafuka na cin lokaci, ba a yi wa kowane darasi. Ni a cikin darussa biyar da wuya in ɗauko majigi a fiye da ɗaya, sauran alli ne da taswirar bango da baki. Abin da zai rage mana wahala shi ne mu haɗa abin da muke da shi. Mun fara tara hotuna a kwamfutar ɗakin malamai, kowanne da sunan wuri da shekara: malamar kimiyyar halittu ta kawo na sauro da na ƙwayoyin jini, ni na zuba taswirorina. Har yanzu muna neman hotuna masu kyau na tuddan rairayi da kwaruruka masu dabino da kanwa na wajen Gure, da na kasuwar dabbobi da rijiyoyin makiyaya na Tanut, da na tafkin Gidimuni a damina da kuma a bazara daga wuri ɗaya. Abokan aiki da aka tura waɗannan yankuna, in kun shigo gari hutu ko kafin komawa makaranta a watan Oktoba, ku taho mana da su a waya, mu kuma mu ba ku taswirorin iyaka da na tafkin Chadi ku tafi da su.